Baƙin Zaren Hamisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Hamisu. A shekarun baya, idan wannan lokaci ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in raba sadaka, in je wurin Inna mu zauna mu yi shiru tare ba. Bana kuwa na ɗauki alƙalami, saboda a farkon zangon karatun nan 'yarsa Hafsatu, wadda take hannuna tun da mahaifiyarta ta sake aure, ta dawo daga makaranta da wani ɗan baji maƙale a hijabinta, an zana tafin hannu a jikinsa. Tana tsalle ta ce min an gwada su a kwamfuta, an gano ita mai koyo da hannu ce, ba sai ta wahalar da kanta da littafi ba. Na san wannan maganar, na taɓa jin ta a bakin ubanta, kuma na ga inda ta kai shi.

Mu 'ya'yan maƙera ne a nan Daura. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, fartanya da lauje da garma yake ƙerawa, manoma su zo tun daga ƙauyukan Sandamu su saya. Mu biyu ne 'ya'yan Inna da suka rayu, ni da Hamisu, kuma na ba shi shekara biyar. Wannan tazarar ce ta cece ni. Na gama firamare na tafi makarantar kwana kafin abin da zan ba da labari ya iso, yau ga ni ina koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata. Jininmu ɗaya da shi, tuwonmu ɗaya. Da na makara da 'yan shekaru, da yanzu wani ne yake karanta min wannan jaridar.

Hamisu tun kafin ya iya ɗaure tazugen wandonsa yake bin rubutu. Manyan motocin da ke wucewa zuwa Kongolam ta bakin iyaka, sai ya bi su da gudu yana haɗa baƙaƙen da ke bayansu. Gwangwanin madara, buhun taki, kwalin ashana, babu wanda ya tsira. Idan Inna ta aike shi sayen ƙosai, sai ya huce kafin ya iso gida, domin ya tsaya a hanya yana karanta takardar da aka ƙunshe shi a ciki. Ya sha rankwashi a kan haka, bai daina ba.

Yana aji uku hedimastansu ya tafi wata bita a Katsina. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa, kuma yara sun riga sun raɗa masa wanda ya fi dacewa da shi, Malam Bita. Ya dawo da jaka mai tambari da sabon ilimi. Wai yara kashi uku aka halicce su, masu koyo da ido, masu koyo da kunne, da masu koyo da hannu, kuma zalunci ne a koyar da yaro ta ƙofar da ba tasa ba. Sabon salo, kiran sallah da usur. Ya shiga kasuwa ya sayo zare kala uku, fari na masu ido, kore na masu kunne, baƙi na masu hannu, ya ce kowane yaro za a auna shi a ɗaura masa nasa a wuyan hannu.

Ga yadda aka yi awon. Ya ajiye hoto da ƙaramar rediyo da kwaɗon kulle ƙofa a kan tebur. Yaro ya shigo, abin da ya fara ɗauka shi ne asalinsa. Hamisu ya shiga ya dubi hoton, jirgin sama ne, babu rubutu ko ɗaya. Rediyon a kashe take. Kwaɗon kuwa akwai wasu ƙananan baƙaƙe da aka buga a gindinsa. Sai ya ɗauka ya juya shi, ya kawo shi kusa da ido don ya karanta. Bai kai harafi na uku ba Malam Bita ya tafa.

“Ai ko ba a gwada ba,” in ji shi. “Ɗan maƙera ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

Aka ɗaura masa baƙi. Abokan ajinsa sun gaya min daga baya cewa kafin azahar Malam Bita ya gaji da tebur, sauran yaran tambayarsu kawai ya riƙa yi, ɗan wane ne kai? 'Ya'yan ma'aikata da na manyan 'yan kasuwa suka fito fari. 'Ya'yan limamai da malaman zaure suka fito kore. 'Ya'yan maƙera da mahauta da magina da wanzamai da dukawa, kaf ɗinsu baƙi. Tsohon rabon nan ne na iyaye da kakanni, ya je Katsina ya yi wanka ya dawo yana jin Turanci. 'Ya'yan Malam Bita biyu da ke makarantar kuwa fari suka samu tun kafin su ga teburin, wanzami ai ba ya son jarfa.

Littattafan makarantar dama ba su da yawa, sai aka tattara su aka ba masu farin zare, tunda su ne masu ido. Masu kore suka zauna a tsakiya suna maimaita abin da malami ya faɗa. Masu baƙi aka fitar da su gindin bishiya aka ba su laka, wai su riƙa gina haruffa da hannu. An yi haka na 'yan makonni. Da malamin da aka ba su ya gaji da rana, sai gina haruffa ya koma ban ruwan lambun makaranta, ya koma gyaran benci, ya koma share fili da ɗebo wa malamai ruwa. Duk wannan sunansa koyo a aikace. Ranar da baƙi za su zo daga ofis sai a jera su da shanun laka a gabansu, a tafa musu, a yabi hedimasta mai tafiya da zamani.

A gida Baba ya ji daɗi, ba kaɗan ba. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ga shi ma masu boko da kansu sun tabbatar. Daga ranar, da an tashi makaranta sai maƙera. To a nan ne abin ya zama abin dariya, irin dariyar da ake yi ana hawaye, domin Hamisu ba shi da hannu ko kaɗan. Idan aka ba shi zuga-zugi, ko ya kashe wutar ko ya watsa wa mutane toka a ido. Idan ya riƙe awartaki ƙarfen ya suɓuce. Idan ya ɗaga masaba, yatsansa za ta samu kafin ta samu ƙarfe. Masu jiran a gyara musu fartanya har cewa suke a kira yaron nan ya ɗebe musu kewa. Wata rana a gaban jama'a Baba ya kama wuyan hannunsa, daidai inda zaren yake, ya ɗaga sama.

“Makaranta ta ce hannu gare ka. To ina hannun? Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.”

Baba ba mugu ba ne, takaici ne ya ishe shi. Amma ku duba lissafin da ya rage wa yaro ɗan shekara tara. A makaranta an ce ba shi da ido, ba shi da kunne, hannu kaɗai Allah ya ba shi. A gida an ce hannun ma babu. Ni malamar lissafi ce, na san abin da ke saura idan aka cire ɗaya daga ɗaya, shi ma kuma ya sani.

Abin da ya fi ci min rai har gobe shi ne na Inna. Ita a ganinta zaren nan wani abu ne kamar kambun da malamai ke ɗaura wa yara don tsari, tunda daga hannun malami ya fito. Ga shi kuma an taɓa zane Hamisu da bulala ranar da zaren ya tsinke ya je makaranta babu shi. Saboda haka duk lokacin da ya fara lalacewa sai ta ɗauko zaren kitsonta, ta ninka shi biyu, ta murza a cinya, ta kira shi ta ɗaura masa da bismillah. Har ya gama firamare hannunsa bai kwana babu zare ba. Ba ta san abin da take ɗaurawa ba, ni kuma har yau ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Ni a lokacin sai hutu nake ganinsa. Hutun farko da na zo masa da littafin labarai, fizge shi ya yi ya ɓuya a bayan rumbu. Na biyu ya karɓa ya ɗan duba hotuna. Da aka shekara, na miƙa masa wani, sai ya mayar da hannuwansa baya.

“Yaya, ki bari,” ya ce. “An auna ni.”

Babu fushi a muryarsa, babu kuka. Ya faɗe ta ne kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ƙarya ne. Ya dube ni da tausayi, ni ce ma abar tausayin, yarinyar da take jayayya da hedimasta wanda ya je har Katsina. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, sai dai karin maganar bai faɗi ta wane gefe ba.

Ba na kewar zamanin bulala, na sha ta na san zafinta. Amma bari in faɗi wata magana mai ɗaci. Malaminmu na da, idan ka kasa, zai kira ka daƙiƙi, ya zane ka, gobe kuma ya sake tsayar da kai gaban allo da tambayar nan dai, domin a ransa ya yarda za ka iya, taurin kai ne kawai. Malam Bita bai taɓa kiran Hamisu daƙiƙi ba. Murmushi yake masa, ya dafa kansa, ya ce kowa da irin baiwarsa, sannan ya miƙa masa bokiti. Na farkon ya ci mutuncinka amma ya bar ƙofa a buɗe. Na biyun ya rufe ta cikin ladabi, har iyayenka suna yi masa godiya.

Yara sun bambanta, ban musa ba. Kullum ina gaban aji, ina ganin wadda ke kamawa nan take da wadda sai an maimaita mata har murya ta dushe. Amma duk lokacin da na bi diddigi, abin da nake tararwa shi ne wannan ta karya kumallo waccan ba ta karya ba, wannan an koya mata jadawalin sau a aji uku waccan malaminsu bai zo ba, wannan tana da yaya a gida mai zama da ita. Ban taɓa tarar da yarinyar da aka haifa da toshewar ƙofar littafi ba. Abin da ake koyo shi ke zaɓar ƙofarsa. Taswira da ido ake koyonta, ko kai ɗan wane ne. Ƙira'a da kunne. Ɗinki da hannu. A makarantar allo yaro ɗaya ne yake rubutawa da hannunsa, ya duba da idonsa, ya saurari malam, ya biya da bakinsa, kuma tun zamanin kakanni babu wanda ya tsaya tambayarsa wane iri ne shi.

Hamisu ya faɗi jarrabawar shiga sakandare, kamar kusan duk masu baƙin zare, kuma aka ce ka gani, awon ya yi gaskiya. Baba ya gaji da shi a maƙera, ya kai shi koyon walda wurin wani abokinsa a kan hanyar Kongolam. Ya zauna a nan har ya yi aure, har aka haifi Hafsatu. Bai taɓa ƙwarewa ba, ya dai iya abin da zai ci abinci. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Wani lokaci idan muna tafe sai in ga ya rage sauri gaban allon wani shago, leɓɓansa suna motsi a hankali. Da ya lura ina kallonsa sai ya yi dariya ya ce fentin yake kallo. Mutum mai mata da 'ya, yana jin kunyar a kama shi yana karatu.

A wannan hanyar akwai masu kawo tankin babur a ƙara masa girma don ɗaukar mai. Aiki ne da yake son hannu mai natsuwa da tanki wankakke tas. Ranar da ajali ya yi kira, tankin da aka kawo masa bai wanku ba, wuta na taɓa shi ya fashe. Hamisu bai daɗe a asibiti ba. Na iske shi an naɗe hannuwan duka biyu da bandeji har gwiwar hannu, ba ya iya magana. Mutuwa rigar kowa ce, kuma na yi imani kwanansa ne ya ƙare, ko da farfesa ne a ranar zai tafi. Amma imani da ƙaddara bai hana mu sanin sanadi ba, kuma bai ce in yafe wa wanda ya ɗora ƙanena a kan hanyar da ba tasa ba.

Ranar sadakar uku Malam Bita ya zo gaisuwa, ya riga ya yi ritaya. Da yake ni ma tsohuwar ɗalibarsa ce, ya nemi a yi masa iso ya shigo ya gaishe mu da Inna. Ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya girgiza kai.

“Allah ya ji ƙan Hamisu. Tun yana ƙarami na gane hannu gare shi. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.”

Inna ta ce amin, ta gode masa da bai manta da yaronta ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wannan lokacin ba, kuma shekara bakwai ba su rage komai ba.

Ina yawan tambayar kaina me Hamisu zai ce da ya ga yau. Ina jin dariya zai fara yi. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki. Yanzu akwai masu ƙwaƙwalwar dama da masu ta hagu. Akwai masu cewa basira kala-kala ce, kowa ya tsaya a tasa. Har na ji masu duba zanen yatsan yaro su gaya wa iyayensa abin da zai zama, aikin da a da boka ke yi a ɓoye yanzu ana yin sa a ofis mai fanka. Ni ma an tura ni irin wannan bita. Na ɗaga hannu na tambayi mai jawabi ko an taɓa raba yara haka aka ga sun fi koyo. Ya ce haka yake a takardar da aka ba shi, aka yi dariya, aka tafi shan shayi. Abin haushin shi ne, a can inda maganar ta fito, masu bincike da dama sun daɗe suna cewa sun gwada ba su ga amfaninta ba. Sun yar, mu mun tsinta, kamar yadda muke yi da gwanjonsu.

Washegarin ranar da Hafsatu ta zo da baji na je makarantarsu. Makarantar kuɗi ce, mai fenti mai kyau. Mai makarantar yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, mai fara'a, ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta nuna min ɗakin da masu hannu ke zuwa lokacin da sauran ke darasin karatu, cike da duwatsun ado da kwali da almakashi. Na ce a mayar da 'yata aji.

“Anti, ai ba mu muka zaɓa ba, kwamfuta ce,” ta ce. “Kuma da muka ji sana'ar marigayi babanta, sai muka ce ikon Allah, ka ga gado.”

Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Na gaya mata ƙarshen zango zan cire yarinyar, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma kafin nan doka ce, mai gadi ba ya barin yaro ya shiga babu baji.

Canza makaranta abu ne mai sauƙi, na yi zaton da na yi shi an gama. Da na dawo gida na kira Hafsatu na cire bajin, sai ta fashe da kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Shekararta biyu ubanta ya rasu, ko fuskarsa ba ta riƙe ba.

“Gwaggo, ki bar min,” ta ce. “Malama ta ce Babana na gada. Shi kaɗai na gada.”

Na zaunar da ita na ba ta labarin takardar ƙosai da motocin Kongolam. Na ce ubanki mai son karatu ne, ya fi ni. Ta saurara tana share hawaye, sannan ta tambaye ni, to me ya sa ya zama mai walda? Tun daga ranar, littafin da take kwana da shi a ƙarƙashin matashi yana kan kabad, ba ta taɓa shi ba.

Idan na auna abin da Hamisu ya bari, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kayan aikinsa an sayar. Ƙofofin ƙarfen da ya haɗa wa mutane, wasu sun riga sun ɓalle, ban ga laifin masu su ba da suka canza. Abokansa suna tuna shi da haƙuri da yawan dariya. Inna tana tuna shi da ƙosai mai sanyi. Abin da ya fi komai nasa daɗewa a duniya shi ne hukuncin da wani mutum ya yanke masa cikin ƙiftawar ido, domin shi ya bi shi har kabari, ya kuma dawo ya sami 'yarsa. Allah ya ji ƙanka, Hamisu, ya haskaka makwancinka, ya ba ka a can abin da aka hana ka a nan.

Yau da safe Hafsatu ta gama shiri ta tsaya a bakin ƙofa tana jirana, bajin yana hannunta. Na fito na tarar ta juya shi, ta kawo shi kusa da ido. Akwai wasu ƙananan baƙaƙe a bayansa, na kamfanin da ya buga shi, leɓɓanta suna motsi a hankali. Da ta ji tafiyata sai ta yi sauri ta juya shi daidai, ta miƙo min. Mai gadi ba zai bar ta ta shiga babu shi ba. Na karɓa, na durƙusa, na maƙala mata a hijabi. Sai da ta fita na tuna har bismillah na yi.